Mai Niƙa Marar Ido

Wata Asabar ta watan Oktoba, shekarar da na shiga aji shida, ina tattara busasshen ganye da manjagara a bayan gidanmu na Pleasant Garden, can ƙasar waje inda muke zaune, sai na ga Kaka Saratu ta fito daga kicin ta wurga wani abu cikin shara. Aikina na makaranta ne. Malamarmu ta tarihi ta ce kowa ya sassaƙo ɗan mutum-mutumi irin wanda Misirawan dā ke sawa a kabari, a kawo ranar Litinin, kuma makin zangon ya dogara a kansa. Na daɗe ina fama da wuƙa da guntun katako kafin na fitar da mace durƙushe tana niƙa. Ita ko Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta jima da zuwa daga Kafanchan ba. Mahaifinta masassaƙin gumaka ne, kuma ta sha wuya a hannun dangi kafin su ƙyale ta ta shiga coci. Abin da ta ce kawai shi ne, "Gunki ba zai kwana a gidan ɗana ba."

Na tsamo abata, fuskar ta tsage. Na shige ɗakin ajiya inda Baba ke jibge bokitan filasta da fenti na sana'arsa, na yi kuka har na gode Allah. Can sai Kaka ta leƙo, ta tambaye ni amfanin abin. Da gurguwar Hausata na yi mata bayani: ba bauta mata ake yi ba, 'yar aiki ce, ana binne ta da mamaci don ta riƙa niƙa masa gari. Kaka ta riƙe haɓa ta ce, "Wato ko a kabari mace ba ta huta ba?" Ta yi dariya har da tari. Na gaya mata Misirawa sukan shafe katakon da farar filasta, ta rufe tsaga da kaushi, sannan fenti ya zauna. Ta ce ai wannan yaɓe ne, ita da ta yaɓe ɗakuna tun tana budurwa. Ta dama filastar Baba da ɗan gam, ta bi tsagar da ɗan yatsa, shafi bayan shafi, tana mita wai babu mai niƙa da gwiwar hannu a sama haka. Da ta bushe washegari muka sa wa fata ruwan ɗorawa, gashi baƙi, riga fara. Na kai burushi wajen ido, ta riƙe mini hannu. "Ido ne ke mai da itace gunki. Ki yi mini alkawari ba za ki sa mata ido ba." Na yi mata.

Ranar Litinin malama ta yaba santsin filastar, ta miƙo mini burushi ta ce in ɗiga idanu in sami cikakken maki. Raina ya so ƙwarai, domin ni mayyar maki ce. Na ce a'a, ta rage mini, na koma gida ina cika ina batsewa, ban ma gaishe da Kaka ba.

Yau Kaka na kwance a Kafanchan, ban sami zuwa jana'izarta ba, abin na ci mini rai har yanzu. Mai niƙa tana kan kanta a gidana na Greensboro, filastar ta fara ɓarewa. Kwanan baya 'yata ta zo da alƙalamin fenti, ta ce da Turanci bari ta ƙarasa mata fuska. Na karɓe alƙalamin. Wadda za ta iya warware mini alkawarin ba ta nan.