Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana. Kunya ce, haka matan garinmu Gazara duk suke. "Wancan" take ce mini. Amma matar nan da ba ta iya haɗa ido da ni, ita ke riƙe da ƙafata. Abokin da zan yi ma sai ta tace shi. In na sulale kallon kokawa, sai in dawo in tarar da akushina a kife. Babu faɗa, babu tuwo.

Shekarar da gashin baki ya fara tsiro mini, zamanin Turawa, aka kafa injin matse rake a Makarfi, irin wanda doki ke juyawa. Sa'o'ina duk suka tafi dafa mazarƙwaila da rani. Baba ya yardar mini. Inna kuwa ta aiko ƙanwata: "A faɗa wa wancan, injin nan hannu yake ci. Ba inda za shi."

Raina ya ɓaci. Ni jaki ne da za a turke?

Da hantsi na naɗe tabarmata na nufi zaure. Sai na ji an kira sunana, tiryan-tiryan. Na waiwaya ina neman baƙuwar da ta shigo, don ban san sunan da wannan murya ba.

Inna ce, tsaye a bakin madafa, ta kama nononta da hannu. Kakata da ke tankaɗe ta saki rariya tana salati.

"In dai wannan ka sha," in ji Inna, "ka ƙetare zauren nan, ban yafe ba."

Na tsaya cak a bakin zaure. Tun ina ƙarami nake kwaɗayin jin sunan nan a bakinta. Na ɗauka sai ranar da na kwanta ciwo zai suɓuce mata. Ashe ajiye shi ta yi, kamar wuƙa cikin kube.

Na warware tabarmar. Da yamma akushina ya zo cike, har da man shanu, na kuwa ci.

Daga ranar hira ta ƙare tsakaninmu, sai gaisuwar safe a tsugune. A gidana ta tsufa, ban rage ta da komai ba. Har ta rasu ba ta sake kiran sunana ba, ni ma, Allah ya sani, ban ƙara fatan ta kira ba.