Jar Kanwar Intalla

Intalla Buzu ne, mutumin Tagriss, wanda ya gangaro Dakoro da 'yan shanunsa ya zauna. Ba shi da fara'a, ba ya kuma nemanta a wurin kowa. Amma in raƙumi ya yi ƙazuwa ko saniya ta ƙi kiwo, ƙofarsa ake zuwa. Sai ya ɗaga leɓen dabba, ya duba ido, ya sunsuna numfashi, ya ce kanwa, ko ya ce a yi lalas da wuta. Bakinsa ne ya hana shi abokai. Shi ya taɓa faɗa a tsakiyar kasuwa cewa dokin Sallau, mai yi wa kumandan fassara, ba zai ga damina ba. Dokin bai gan ta ba, Sallau kuwa ya ƙullace shi.

Kumandan na lokacin, wani Nasara mai saurin hannu, yana da akwatin gilashi cike da ruwa a bariki. A ciki akwai kifaye masu faɗi kamar faifai, da aka ɗauko masa daga bayan teku. A garin da sai sa ya ja guga kafin a ga ruwa! Da rani ya tsananta kifayen suka kamu da ciwo. Jikinsu ya yi baƙi, farin yauƙi ya rufe su, suka ƙi abinci, suka maƙale a lungu. Ya ɗiga musu maganinsa mai launin shuni, a banza. Sai ya yanke cewa shanu ne ke ɓata rijiyar da ake ɗebo wa kifin ruwa, ya kafa gardi a bakinta, ya hana shanu sha. Ita ce kuwa kaɗai ba ta ƙafe ba a kusa. Shanun Intalla suka fara zubewa yana kallo, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Nan Sallau ya ga damarsa. Ya gaya wa kumandan akwai wani Buzu da ba dabbar da ta gagare shi, alhali ya san sarai Intalla bai taɓa ganin kifi ba. Aka tiso ƙeyarsa har gaban akwatin.

"Kumandan ya ce ka ba su magani," in ji Sallau, yana murmushin mugunta. "In sunka mutu hannunka, kaso za ka."

"In sunka warke hwa, a buɗe muna rijiya?"

"Rijiya? In sunka warke ai sai a ƙara tsaronta, kada ciwon shi dawo."

Intalla ya durƙusa ya daɗe yana duban kifayen yadda yake duban saniya. Har tausayinsu ya ɗan ji, don ya ga ciwon dabbar da aka raba da ƙasarta ne. Amma shi ma yana da nasa marasa lafiya a gida.

"Kanwa," ya ce.

Ya ciro dunƙulen jar kanwa daga jakarsa, wanda ya isa bijimi, ya dandaƙe shi, ya juye duka a ruwan. Kafin la'asar kifayen sun juya ciki sama.

Kumandan ya zane shi da bulala har ya gaji, ya sa a kai shi kason Maraɗi. Rijiya kuwa, da babu sauran kifin da za a tsare wa, gardi ya naɗe tabarmarsa. Da aka wuce da Intalla a ɗaure ta bakinta, ya hangi matarsa Maraya tana zuba wa ragowar shanunsu ruwa a komi.

Intalla ya dawo daga kaso da kunne ɗaya a toshe, da halinsa yadda ya tafi da shi. Har ya mutu bai ƙara gaida Sallau ba. Da ya tsufa, mutanen kasuwa kan tsokane shi, su ɗaga murya don ya ji: "Baba Intalla, wai kanwa na maganin kihi?"

Sai ya harare su ta saman rawani. "Ni mi na sani ga kihi? Shanuna dai ta warkas su."