Faɗin Ƙofar da Za a Fitar da Ni

Abokina na zamanin koyarwa ya rasu a Kankia da damina, a sabon gidan bulo da 'ya'yansa suka gina masa. Ni na zuba wa mai wanka ruwa, domin haka muka yi alkawari da shi tun muna da ƙarfi. Da aka sa shi a likkafani aka naɗe da tabarma, sai aka ɗauke shi za a kai ga makara, wadda ke jira a tsakar gida. A bakin ƙofar ɗakin aka tsaya. Ƙofar ƙarama ce, kuma bangon wani siririn lungu take kallo, irin lungun nan da masu zanen gidajen yanzu ke ƙauna. Aka gwada ta dama, aka ja baya, aka gwada ta hagu. Daga ƙarshe wani ya ce a ɗaga kan. Aka ɗaga, aka ƙara ɗagawa, har dattijon nan mai tsananin kamun kai ya fita daga ɗakinsa kusan a tsaye, ana juya shi kamar katifa. Masu ɗaukar sun yi iyakar ladabinsu, ban ga laifinsu ba. Amma na gani da idona, kuma abin ya ƙi barina.

A lokacin, ni ma 'ya'yana sun rushe tsofaffin ɗakunanmu na ƙasa a Kusada suna gina mana irin wannan. An gama shafe, saura a kafa ƙofofin ciki. Ranar da na dawo daga ta'aziyya ban cire babbar riga ba sai da na ɗauki tef ɗin awo na shiga ginin. Abin da na tarar a Kankia shi na tarar a gidana: falo, sai lungu, sai ɗakina da na Hajiya, maiɗakina, kowanne da 'yar kafa ƙafa biyu da rabi tana kallon bango. Tsohon ɗakina na ƙasa, wanda aka ce ya tsufa, ƙofarsa kai tsaye take fuskantar tsakar gida. Mutanen da suka gina shi ba su iya karatu ba, amma sun san cewa mai ɗaki zai fita wata rana a kwance.

Na kira babban ɗana, wanda ke aiki a Kaduna, na shaida masa cewa za a fasa bango. Ƙofar ɗakina za ta matsa ta yi daidai da wadda ke shiga falo, kuma dukansu biyu za su zama ƙafa uku da rabi. Ya ce ai an riga an yi odar ƙofofin ƙarfe, waɗanda ke zuwa da firam ɗinsu a haɗe, kuma awonsu ɗaya ne ko'ina a ƙasar nan. Na ce a soke odar, na katako nake so a duk ƙofofin ciki, a yanka nawa a kan awona. Ya tambayi dalili. Na faɗa masa dalilin filla-filla, yadda ya kamata a faɗa wa mutum mai iyali.

"Baba, don Allah a bar wannan magana," in ji shi. "Allah ya ƙara maka nisan kwana."

"Amin. In nisan ya ƙare fa?"

Sai ya ce layin ba kyau.

Hajiya ta fi shi tsanani. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin mai lafiya yana yi wa gawarsa awo ba, kuma duk abin da zan yi in yi a ɗakina, kada guduma ta taɓa nata bangon. Na amsa da to. Abin da ya fi ƙona mani rai a duk wannan aiki shi ne wannan: mutanen da ke sallar gawa kusan kowane mako, waɗanda ke ajiye likkafaninsu a ƙasan akwati tun dawowa daga Makka, da zarar na ambaci ƙofa da mutuwa a jimla guda sai su rufe mani baki da addu'a. Addu'a abu ce mai kyau. Ba ta ƙara wa ƙofa ko inci guda.

Ya dace in faɗi inda na samo wannan ido. Mahaifina ya sa ni makarantar mishan ina ƙarami, inda wani Bature ke koya mana aikin katako. Ba ya faɗa, ba ya duka. Sukwaya kawai yake ɗorawa a kusurwar abin da ka haɗa, wato ƙarfen nan mai siffar gwiwar hannu da ake gwada daidaiton kusurwa da shi, sa'annan ya ɗaga sama ya duba. Idan haske ya ratsa tsakani, sai ya warware aikin ya miƙo maka guntayen. Na fito daga makarantar da addinina yadda na shiga da shi, na kuma fito da idon da ba ya iya wuce karkatacciyar kusurwa. Bai taɓa sa kowa ya ƙaunace ni ba, kuma ban nemi a canza mani shi ba.

Magini ya fasa bangon yana gunaguni. Da ya gama sai na ga yana shirin barin tsohuwar linta, wato simintin da ke ɗauke da bango a saman ƙofa, wadda aka zuba don 'yar ƙaramar kafa, ta tsaya a kan faffaɗa, gefe ɗaya ba abin da ya tallafe ta sai siminti da fatan alheri. Ya ce shafe zai riƙe. Na ce shafe fata ce, ba ƙashi ba, a zuba sabuwa da rodi. Aka zuba, aka jira ta bushe, Hajiya kuwa tana share ƙura tana yi wa bango magana don in ji.

Kafintan daga Kankia aka kawo shi, magidanci mai fara'a, wanda ya ce shi ya yi ƙofofin manyan gidaje da dama. Ban tambaye shi ko har da na abokina ba. Katakon da ya fara kawowa ɗanye ne, na dafa na ji sanyinsa a tafin hannuna, na mayar. Na biyu ya bushe, sai dai bai shafa masa maganin gara ba. Ya ce gidan bulo gara ba ta shiga. Na kai shi bayan ɗakin girki na nuna masa inda ta hau bulo ta cinye mani turken rumfa. Da ya haɗa firam ɗin ya kafa, na sako zare mai dalma daga sama. Ƙafar firam ɗin ta dama ta kauce da kaurin babban yatsa.

"Baba, bangon ne ya karkace, ni bango na bi."

"Wa ya ce ka bi bango? Bango shi zai bi firam."

"In na miƙe shi, tsakani zai buɗe. Amma kwalliya za ta rufe, ba mai gani."

Kwalliya ita ce sunan da yake kiran siririn katakon da ake kewaye bakin ƙofa da shi don ya rufe haɗin firam da bango. A wurinsa maganin kowace cuta ce. Na ce masa ya miƙe firam ɗin, magini ya cike tsakanin da siminti, sa'annan a sa kwalliya a kan aikin da ba ya jin kunyar a gan shi tsirara. Ya dube ni kamar na yi masa Larabci, amma ya yi.

Daga nan na fara lura da yadda faɗin ke zurarewa. Magini ya bar ƙafa uku da rabi. Kaurin firam ya ci nasa dama da hagu. Bakin da ƙyaure ke tsayawa a kai ya ci nasa. Ƙyauren kansa, idan an buɗe, kaurinsa na nan tsaye a hanya, mariƙinsa kuma ya turo kai. Kowane ɗaya kaɗan ne, kuma kowane mai aiki yana rantsuwa bai taɓa awona ba. Duk lokacin da na yi magana, sai kafintan ya shiga ƙofar ya fito yana buɗe hannuwa.

"Duba, Baba, ko masu ƙiba biyu sai su wuce."

"A tsaye," na ce.

Sai ya shiga neman ƙusa a aljihu.

Ranar da ya ce ya gama, na duba kusurwoyin kwalliyar, na sa ya sake yanka guda ɗaya da ta yi baki, sa'annan na ce saura gwaji. Na shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakin na ce shi da magini da leburori su ɗauke ni zuwa falo. Magini ya ce shi yana da iyali, ba zai ɗauki mai rai ɗaukar gawa ba. Kafinta ya ce a gwada da dogon katako. Na ce katako ba shi da kafaɗu, ba ya lanƙwasawa a tsakiya, kuma ba ya jin kunya. Muka tsaya cirko-cirko, su suna kallon ƙasa, ni ina kallonsu.

Ana haka sai ga taubashina, ɗan goggona, ya shigo daga Kaikai da ƙullin gyaɗa ya kawo wa Hajiya. Manomi ne, ya girme wa kafintan nesa, amma har yanzu shi ke ɗora buhu a kan jakinsa. Tsakanina da shi akwai wasan da aka gada, kuma bai taɓa yi mani rangwame ba. Aka ba shi labari da fatan zai hana ni. Ya ajiye gyaɗar ya naɗe hannun riga.

"Mi kuke jira? Ni na daɗe ina son in ɗauki wannan tsohon. Kwanta, bawana. In ka ji daɗin wurin sai mu wuce da kai gaba ɗaya."

"Kai za ka riga ni, da wannan tarin naka."

"To ai ni bukka gare ni, ta rufi za a fidda ni. Kai ne Bature mai lungu. Ku kama mashi ƙafafu, kada ku ji tsoro, bakin ne kawai ke da nauyi."

Dariya ta kuɓuce wa leburorin, da haka suka kama. Na kwanta na miƙe hannuwana a gefe, suka naɗo tabarmar. Taubashina ya riƙe wajen kai. Ban taɓa ganin silin ɗakina daga nan ba, na kuma lura a kusurwa ɗaya an bar ƙusa ba a nutsar da kanta ba, amma na yi shiru domin ba ranarta ba ce. Ƙafafuna suka wuce ƙofar. Sai na ji an tsaya, wani abu ya tokare ni a kafaɗar hagu.

"Ɗan karkato shi kaɗan," in ji kafinta.

"Kada wanda ya karkata ni," na ce daga cikin tabarmar. "Ku ajiye."

"Gawa ba ta ba da oda," in ji taubashina, amma ya ajiye.

Na tashi na duba. Ƙyauren ne bai buɗe har ƙarshe ba, mariƙinsa ya kama tabarmar. Abin da ya hana shi buɗewa kuwa kwalliyar nan ce: kafintan ya zaɓi mai kauri don ta yi kyau, ya kuma manna ta dab da inda ƙyauren ke juyawa, sai gefen ƙyauren ke dukanta tun bai kai bango ba. Na nuna masa da yatsa. Ya ce ai kullum haka ake yi, ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Na ce waɗanda abin ya shafa ba sa iya kawo ƙara. Ya ɓamɓare ta, ya rage kaurinta, ya ja ta baya kaɗan, ya mayar. Ƙyauren ya tafi ya kwanta a jikin bango.

Na koma kan tabarmar. Wannan karon ban ji komai ya taɓa ni ba. Saman ƙofar farko ya wuce ta kan fuskata, sai rufin lungu, sai saman ta biyu, ga ni a falo a miƙe yadda na kwanta. Taubashina ya ce ko a zarce waje, na ce ƙofar waje mai ƙyaure biyu ce, na riga na auna ta. Suka sauke ni a hankali. Na yi hamdala a zuciyata, domin nauyin da na ɗauko daga Kankia ya sauka.

Da na buɗe tabarmar sai na ga Hajiya tsaye a ƙarshen lungun, da tsintsiya a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa. Ba ta dube ni ba. Ƙofar ɗakinta take kallo, 'yar ƙafa biyu da rabin nan mai fuskantar bango, wadda kafinta ya gama tun farko. Ita ce kaɗai a gidan da na ɗora wa sukwaya ban ga haske ba, kwalliyarta ta haɗu a kusurwa kamar an zana, har na yaba masa a kanta, abin da ba na yawan yi.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "in za a ɗauko mutum daga nan, ta ina za a juya da shi?"

Na ce ba za a iya ba, sai an ɗaga.

Sa'annan ta jingine tsintsiyar ta ce wa magini kada ya kwashe kayan aikinsa tukuna, ta shiga ɗakinta ta fara sauke kwanukanta daga kan kabad.

Na dubi ƙofar nan mai kyau, aiki ɗaya tilo da aka yi mani daidai ba tare da na ɗaga murya ba, na dubi kafinta, wanda fuskarsa ta riga ta faɗi. Sabuwar linta, sabon katako, sabuwar ƙura, da sabuwar muhawara a kan wa zai bi wani tsakanin bango da firam. Da ta saurare ni tun ranar farko da an yi duka a tashi ɗaya. Na buɗe baki zan faɗa mata haka, sai na ji ƙarar kwanukan tana jera su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, na fasa. Na ce wa kafintan ya cire kwalliyar ƙofar Hajiya a hankali kada ya tsaga ta, na tafi ɗauko tef.