Gurbin Amshin da Lawali Ya Bari

Da daminar bana shekara biyar ke nan da muka kai Lawali makwancinsa a Bukkuyum, amma sai bana ya gama waƙa. Na san maganar ba ta da daɗin ji, ku bari in warware muku ita.

Lawali abokina ne tun ƙuruciya, mai tsara waƙoƙin noma. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da ubangida. Abin da ya mallaka wayar hannu ce da wani shafi a intanet, inda yake rubuta yadda kowace waƙa ta zo masa, ya ɗora muryarsa a ƙasa. Na sha yi masa tsiya cewa manomin Tungar Guru garma ya sani, ba shafi ba. Sai ga masu kabu-kabu suna sauke waƙoƙin suna tura wa jama'a ranar kasuwa. Dole na kama bakina.

Dabararsa ɗaya ce. Idan ya rera baiti, sai ya yi shiru daidai tsawon amshi, ya bar wa masu bibiyar shafin su tsara nasu su rubuto. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shi kuwa ya ce tasa ba ta cika sai ta bi ta bakin wasu.

Ashe da ciwo ya kwantar da shi, ya ɗauki waƙoƙi ya saita shafin ya riƙa sakin ɗaya duk farkon damina. Shekarar farko ina tashar Anka da rana tsaka wayata ta sanar da ni Lawali ya yi sabon rubutu. Na buɗe shafin. Ga muryarsa, ga carar zakaran gidansu da aka yanka ranar sadakar uku, ga kuma shirun nan, wanda in ka kasa kunne kana jin numfashinsa a ciki.

Mahaifiyarsa, Inna, ba ta taɓa yarda ta saurara ba. Ta san ya bar mini mabuɗin shafin. Duk shekara sai ta ce, "Rufe wanga abu, ɗana. Wanda ya kwanta dama ba a tashe shi." In ce to, in kasa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A waƙoƙin yana kiran mutane zuwa gonakin daji da tsoron 'yan bindiga ya hana shiga yanzu. Da yawa daga masu rubuto amshi sun bar ƙauyukansu, daga Gummi suke rubutowa, amshin nasu ma ya koma addu'a.

Waƙar bana ta zo da rubutu cewa ita ce ta ƙarshe. Na je na gaya wa Inna yau zan rufe. Ta ce bari ta ji tukun, sai na kunna mata. Ya rera baitin farko, ya yi shiru.

"Mi yaka jira?" in ji ta.

Na ce, "Amshi, Inna."

Da shirun ya sake zuwa, sai ta cike shi da waƙar da take yi masa tana goye da shi a bakin turmi. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Lawali bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Wuri ya bari a cikin waƙarsa, kowa ya zo ya samu. Allah Ya jiƙansa. Da na miƙe zan tafi, Inna ta riƙe gefen rigata ta ce, "Bar shi buɗe."