Dada Mai Daddawa Ba Ta Cin Kasuwar Lahadi

A Kafin Doro, wani ƙauye da ke tsakanin Buji da Dutse, an yi wata mata da ake kira Dada mai daddawa. Gajera ce, baƙa, ba ta da yawan magana, in kuma ta yi maganar ba ta ƙara mata gishiri. Ita kaɗai ce Kirista a ƙauyen, har ta mutu ba a samu ta biyu ba.

Haifaffiyar garin ce. Tana ƙarama, kafin zuwan Turawa, mahara suka faɗo daga kudu ana tsakiyar girbi, suka kwashe ta tare da wasu yara a bakin gona. Aka sayar da ita, wanda ya saya shi ma ya sayar. Tana hannun wasu fatake ne sojojin Turawa suka tare ayarin, suka kwance yaran, aka kai su wani gida a bakin babban kogi inda ake tara 'yantattun bayi, wanda daga baya ya koma hannun 'yan mishan. Can ta girma, can aka yi mata baftisma aka sa mata suna Rifkatu, can kuma ta auri wani leburan reluwe, mutumin kirki mai yawan tari. Tarin ne ya kashe shi. Ba su haihu ba.

Da aka share makoki ta ɗaure kayanta, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan ta bi masu jakuna zuwa Dutse, tana tambayar garin da ke da kuka biyu a bakin rijiya. Sunan garin ya ɓace mata, amma sunan wanta Bubayero bai ɓace ba. A kasuwar Dutse wani mai sayar da igiya ya ce ya san wani Bubayero, ya nuna mata hanya.

Ta tarar iyayensu sun rasu. Bubayero yana ƙofar gida yana gyaran ƙotar gatari, ya ɗaga kai ya ce, "Baiwar Allah, wa ake nema?"

Ta ce, "Kai nake nema, Yaya." Ta ɗan ɗage zane ta nuna masa wani tabo a ƙwaurinta. "Kai ka sare ni da fartanya, ka ce in gaya wa Iya faɗuwa na yi."

Bubayero ya dubi tabon, ya dubi fuskarta, ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Ita kuwa ta tsaya da kayanta a ka tana jiran ya gama.

Aka yanka kaza, maƙwabta suka cika gidan, tsofaffi suna taɓa ta suna cewa kamarsu ɗaya da mahaifiyarta. Da magariba ta yi, Huseina matar Bubayero ta kawo mata buta. Dada ta ce, "Na gode, amma ba na salla. Ni mai bin Yesu Almasihu ce."

Huseina ta ce, "Annabi Isa?"

"Shi."

"To ai mu ma muna son sa."

"Na sani. Ɗauki ruwan ki yi alwala, kada lokaci ya wuce ki."

Bubayero mutum ne da ko awakinsa suka yi karo sai ya tashi ya raba su. Ya daɗe yana juya al'amarin, har ya samo maganar da yake ganin za ta wadatar da kowa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ai duk ɗaya ne. Allah ɗaya take bauta wa, Annabi Isa kuma namu ne. Irin ibadarsu ta can ce kawai ta ɗan bambanta." Mutanen gari suka karɓi maganar hannu biyu, don suna son Bubayero, kuma suna tausayin yarinyar da aka sace musu. Ba wanda ya nemi ta yi salla. Abin da ake so kawai ta gyaɗa kai.

Ba ta gyaɗa ba. Ranar wani suna, Bubayero yana cikin maimaita maganarsa ga baƙin da suka zo daga Buji, ita kuma tana wucewa da ƙwaryar fura, sai ta tsaya.

"Yaya, ba ɗaya ba ne. Ku kun ce ba a gicciye shi ba. Ni na ce an gicciye shi, ya mutu saboda zunubina, ya tashi. Dole wani a cikinmu bai faɗi daidai ba." Ta ajiye furar. "Ga ludayi nan a ciki."

Baƙin suka sha furar, amma ba su daɗe ba.

Daddawa ta kama yi, sana'ar mahaifiyarta, kuma hannunta ya karɓe ta. Sai dai kasuwar da ta fi ci a yankin ranar Lahadi take ci, ita kuma ranar Lahadi ba ta aiki. Takan yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta je gindin wata ɗorawa a bayan gida ta zauna ita kaɗai, ta yi addu'a, ta rera waƙoƙin da ta koya a gidan mishan. Muryarta ba ta da daɗi, kowa ya sani, ita ma ta sani. Huseina ta ce ta ba ta daddawar ta kai mata kasuwa. Dada ta ce in ta ba ta, to ita ce dai ta yi cinikin, ƙafa kawai ta ara. Daga ƙarshe masu son daddawarta suka koyi zuwa gida ranar Asabar.

Da azumi ya zo, ba ta taɓa cin abinci a gaban kowa ba. Ita ke dama kunun tsamiya na buɗe-baki, ita ke kai wa masallaci. Wata maƙwabciya mai suna Luba ta yi murna ta ce a bakin rijiya, "Kun gani? Dada ma azumi take yi. Ashe dai duk ɗaya ne."

Dada tana jan guga ta ce, "Na ci ɗumame a ɗaki da hantsi."

Abin ya jawo mata asara. Wasu mata suka daina sayen daddawarta, wasu suka hana 'ya'yansu shiga ɗakinta. Wani bazawari mai rufin asiri ya aiko yana son ta, ya ce ba ruwansa da Lahadinta, ta dai daina gyara wa mutane magana a bainar jama'a. Ta ce a gaya masa ta gode, amma shi za ta fara gyara wa.

Maganar ta kai kunnen dagaci Mika'ilu, wanda babban burinsa a duniya shi ne kada sunan Kafin Doro ya fito a bakin hakimi. A lokacin ana cewa Turawa ba sa son jin rigimar addini a ƙasar sarakuna, hakimi kuma ba ya son jin abin da Turawa ba sa so. Dagaci ya kira Dada da wanta, ya kuma kira limamin gari, Malam Sharhabilu, tsoho mai raunin gani wanda ya yi karatu a Ringim. Nufinsa liman ya sa albarka a maganar Bubayero a wuce wurin.

Dagaci ya ce, "Dada, ba wanda zai taɓa ki. Ki yi Lahadinki. Abu ɗaya muke so: in an ce hanya ɗaya ce, ki ce haka ne. Kalma ce kawai, ba ta da nauyi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ba ta da nauyi, me ya sa aka tara dattawa a kanta?"

Dagaci ya juya ga liman. "Allah gafarta Malam, yi mata bayani."

Malam Sharhabilu ya karkato kunne wajenta. "Ke, me kika ce game da Annabi Isa?"

"Allah gafarta Malam, na ce shi Ɗan Allah ne, kuma ta wurinsa kaɗai ake samun ceto."

Liman ya ce, "Subhanallahi." Sannan ya ce, "Dagaci, abin da ta faɗa ɓata ne, amma ta fi ku gaskiya. Ba ɗaya ba ne. Da ta ce ɗaya ne, da ta yi wa addininta ƙarya, ta yi wa nawa." Ya sake juyowa. "Dada, ina kiran ki zuwa Musulunci."

"Na gode, Malam. Ba zan zo ba. Ni ma ina kiran ka zuwa ga Almasihu."

"Ni ma ba zan zo ba."

"To."

Dagaci ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce shi dai bai ga abin da aka gyara ba. Liman ya ce ba abin da ya lalace, a bar ta ta zauna a gidan ɗan'uwanta, tana da haƙƙin zumunci da na maƙwabtaka, kuma wanda ya cuce ta zai amsa a gaban Allah. Ya nemi sandarsa ya tafi.

Tun daga ranar, duk sanda ta kai wa iyalin liman daddawa takan durƙusa a ƙofar zaure ta gaishe shi. Yakan tambayi lafiyarta da ta awakin wanta, sannan ya ce, "Har yanzu?" Ta ce, "Har yanzu. Kai fa, Malam?" Ya ce, "Har yanzu." Sai ta shige cikin gida. Liman ya gaya wa Bubayero yana yi mata addu'ar shiriya. Ita ma ta gaya wa Huseina tana sa Malam a addu'arta ta Lahadi. Kowannensu ya ji labari, ba wanda ya ji haushi.

Sau ɗaya Bature ya zo rangadi garin, ya sauka a gindin kukokin rijiya. Dagaci ya so Dada ta tafi ɗiban ɗorawa a daji har baƙon ya wuce, amma ranar Lahadi ce. Baturen ya jiyo waƙar daga bayan gida, ya gane karinta, ya sa aka kira mai yin ta. Ta bakin tafinta ya ce mata addinai duk hanyoyi ne zuwa wuri ɗaya, kowa ya riƙe nasa, kada ta tayar da hankalin jama'a. Dada ta ce a tambaye shi ko shi Kirista ne. Ya ce e. Ta ce to a gaya masa ba ta gama ibadar Lahadi ba, in yana so ya zo, akwai wuri a tabarma. Tafinta ya daɗe yana neman yadda zai juya maganar. Baturen bai je ba.

Haka ta zauna shekaru, ta yi furfura, ta yi renon 'ya'yan Huseina, waɗanda ta riƙa kora masallaci in sun yi nawa. Wata damina ciwon ciki ya kwantar da ita, ƙafafunta suka kumbura, kowa ya ga inda abin ya nufa.

Bubayero ya shiga ɗakinta da la'asar ya zauna a bakin gado. Shi ma ya tsufa. Wannan karon ba maganar gari ce ta kawo shi ba.

"Dada, sau ɗaya aka ɗauke min ke, ina gona ban iya komai ba. Yanzu za a sake. In kin tafi a haka ba za a yi miki salla ba, ba za a kai ki kusa da Iya ba. Ko a kunnena ne ki faɗi kalmar shahada, ni kaɗai. Ko kuwa ki yi shiru kawai, in fita in ce kin faɗa."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido, abin da Huseina ta ce ba ta taɓa gani ba.

"Yaya, lokacin da ba ni da kai, ba ni da Iya, ba ni da ko sunan garinmu, Almasihu ne ya riƙe ni. Ba zan sake shi a bakin ƙofa ba. Kai ma kada ka yi ƙarya saboda ni, kana da taka lahirar." Ta numfasa. "Ka sa ni a gefen gonarka ta gabas. Ba wajen kwarin ba, ruwa yana kwanciya a can."

Ya riƙe hannunta, bai sake roƙonta ba.

Ta rasu da safe. Dagaci ya aika a tambayi liman yadda za a yi. Malam Sharhabilu ya ce ba za a yi mata salla ba, ita ma ba za ta so ba, amma 'yan'uwanta su suturta ta su rufe ta da mutunci. Huseina da Luba suka yi mata wanka, suka naɗe ta a farin ƙyalle. Maza suka haƙa kabari a kan tudun gonar gabas, kuma mutanen da suka zo sun fi yadda dagaci ya so. Ba wanda ya san abin da ake faɗa a jana'izar Kirista, don haka ba a ce komai ba. Aka jawo liman har bakin gona, ya tsaya da sandarsa daga nesa har aka gama, sannan ya kama hannun Bubayero ya ce Allah ya ba shi haƙuri.

Da jama'a suka watse, Bubayero ya saro ƙayar aduwa ya lulluɓe kabarin saboda kuraye. Gero ya kai gwiwa a lokacin, ciyawa kuma ta ci ƙarfin gonar tun da aka shiga jinya. Bayan kwanakin zaman gaisuwa ya koma noma, ya fara daga gefen da kabarinta yake.