Rumbun Iliya

Ba na jin zan manta da ranar da muka buɗe rumbun Baba Yohanna. Shekarar nan ce da aka bar fam aka koma naira, ina sabuwar ƙaramar malamar gona a Kafanchan, ban daɗe da barin sakandare ba. Ogana Mista Bulus ya ɗauke ni a babur zuwa wani ƙauye a gindin dutsen Kagoro, inda mutane suka kawo kuka cewa ƙwari na cinye musu dawa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, kafin a buɗe rumbu sai ka kara kunne a jikinsa. In ƙwari sun yi yawa za ka ji ƙas-ƙas kamar yayyafi. Sannan ka cusa hannu ka ji ko hatsin ya yi ɗumi, ka ɗebo ka tankaɗe a kan farin ƙyalle.

Duk gidan da muka duba, ɓarnar ta fi yawa ta ɓangaren gidan Baba Yohanna. A can muka tarar da wani rumbu an liƙe bakinsa da laka, an yi masa sabuwar jinka. Na kara kunne. Ai ba yayyafi ba ne, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya.

Na ce, "Baba, yaushe rabon da a buɗe wannan?"

Ya ce, "Ɗiyata, wannan ba a taɓa. Dawan ɗana Iliya ne. Ya tafi soja. Ranar da ya dawo, duk gari zai ci tuwo."

Tun kakar da aka gama yaƙin basasa ya rufe shi. Kowa a ƙauyen ya san Iliya ba zai dawo ba, amma an rasa mai faɗa masa.

Mista Bulus ya cire hula ya durƙusa. "Baba, daga nan ƙwarin suke fita suna shiga rumbunan jama'a. In an bar shi, kafin damina yaran garin nan ba su da abinci."

Tsohon ya dubi rumbun. Can ya ce, "To, yarinyan ya duba. In akwai mai kyau ko kaɗan, a bar mini."

Na hau tsani, na fasa lakar, na cusa hannu. Ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Hannuna ya nutse har kafaɗa, babu ƙwaya, sai gari. Da na zaro shi ya yi baƙi ƙirin da ƙwari, suna hawa wuyana. Na so in yi ihu, amma tsohon yana ƙasa yana kallona.

"Akwai?"

Na buɗe masa tafina kawai.

Dokar aiki ita ce a kwashe a ƙone nesa da gidaje. Baba Yohanna ya ce ba wanda zai ƙyasta ashana sai shi. Da wutar ta kama, ya kira sunan ɗansa, ya ce wani abu da yarensu, matan gidan suka fashe da kuka. Ranar aka yi makokin Iliya.

Har yanzu in na kara kunne a jikin rumbu sai na tuna da rumbun Iliya. Ku sababbin malaman gona da za ku fara fita ƙauye, in kun ga rumbu a liƙe, kafin ku hau tsani ku tambayi mai shi wa ya ajiye wa.