Takardar Baƙi a Makarfi

Ana idar da sallar asuba muka bar Furana, ni da malamarmu da Inna. Inna baƙuwa ce daga Nijar, shekara uku ke nan tana zaune a gidanmu. Mijinta ya rasu, da aikin mazarƙwaila take ciyar da 'ya'yanta biyu. An ce za a yi wa baƙi rajista, wanda bai samu kati ba ya koma ƙasarsu kafin a fara yankan rake. Inna har ta ƙulle kayanta ta ajiye. Makarfi muka nufa, inda kwamiti zai ji ta bakin jama'a kafin a buga takardar. Ni aikina in karanta wa Inna abin da aka rubuta.

Babura suka kai mu Ikara. A tasha muka ci waina da zafinta, muka shiga wata mota da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Kwandon tumatir ya fi ni samun wurin zama. Hagu da dama rake ne, ya fi mutum tsayi, Inna tana ta nuna mana wanda ya nuna da wanda ruwa ya yi wa yawa.

A zauren taro maza suna kan kujeru, mu mata muna baya a kan tabarma, tare da wasu 'yan ci-rani da suka zo daga Kudan. Aka raba samfurin takardar. Na karanta a hankali: sunan maigida, garinsu, sai wani ɗan gurbi na yawan matansa.

“Ina wurin sunana?” in ji Inna.

Na juya bayan takardar. Babu komai.

Malama ta taɓa ni. “Ke kika gani, tashi ki faɗa.”

Ni da ko a aji ba a jin muryata! Na miƙe, na gaida shugaban kwamitin, na ce, “Ranka ya daɗe, matar da ba ta da miji fa? Babu layinta a nan.”

Wani dattijo ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a sa ta ƙarƙashin mai masaukinta. Sai Inna ta tashi.

“Alhaji, mai masaukina ɗaki ya ba ni, ba aurena ya yi ba. Ranar da na bar gidansa, katin ni zai bi ko shi?”

Aka yi dariya. Shugaban ya ce duk matar da ta zo ita kaɗai ba miji ta miƙe. Sai ga rabin tabarmar nan a tsaye. Ya daɗe yana kallonsu, ya ɗauki biro ya soke “maigida”. Aka tsayar da cewa kowane baligi da katinsa, kuma mace ce za ta ɗauki hoton mata. Matan Kudan suka rangaɗa guɗa har wani ɗan kwamiti ya toshe kunne.

Mun iso gida bayan la'asar, ƙura har gira. Na koyi cewa mutum yana iya ɓacewa a takarda ba tare da kowa ya nufe shi da sharri ba, sai dai idan wani ya duba ya yi magana.

Tun daga zaure Inna ta ɗaga murya ta kira mahaifiyata: “Yaya, kwance ƙullin kayan nan. Rake na bana da ni za a dafa shi.”